Dariyar da Gwaggo Ba Ta Yi Ba

Gwaggona tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai gyaran agogo da kantin fenti, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana buɗe shi da ƙarfe bakwai da rabi. Ba ta ɗinkin gayu. Kayan makaranta, labule, rigar katifa, rage ƙafar wando, sauya zif, su ne aikinta. Kullum da tef a wuyanta, tabarau kuma ɗaure da zare saboda hannunsa ɗaya ya karye tun ina firamare. Idan ka kawo yadi ka fara yi mata bayanin abin da ka gani a waya, sai ta bari ka gama, sannan ta ɗinka abin da ya dace da jikinka.

Ta taɓa yin waƙa. Guda ɗaya tak, ba ta ƙara ba.

Mijinta direban tirela ne, a lokacin da ba kowa ke da waya ba. Idan ya tafi babu mai sanin ranar dawowarsa, don haka duk sa'ad da za ta fita sai ta ajiye masa makulli a saman ƙofa. Wata tafiya tirelar ta ƙwace masa a gangara. Bayan an binne shi ta yi kusan shekara tana ajiye makullin a wurin, ba don ta manta ba, hannunta ne ya ƙi dainawa. A kan keken ɗinkinta na ƙafa waƙar ta zo mata, layi bayan layi, tana taka feda tana rerawa. Wani mai situdiyo da ake kira Oga Fiyano ya kawo labule ya ji ta, ya nace, ya nace, har ta yarda ta shiga ɗakin ɗaukar murya.

Ina ɗan shekara tara aka yi ta sa ta a rediyo. Baiti uku ne, a hankali, da fiyano da ɗan ganga can ƙasa. Abin da na fi tunawa shi ne tsakiyarta. Idan ta ce, "Na bar makulli a saman ƙofa, inda ka sani," sai komai ya ɗauke. Ba murya, ba kiɗa, tsawon bugu huɗu. Mahaifiyata takan tsaya da wanke-wanke a daidai nan, hannunta cikin ruwa, sai fiyano ya dawo sannan ta ci gaba.

Na yi shekara takwas a waje ina karatun injiniyan ruwa. Ranar da na dawo, a cikin tasi daga filin jirgi, direban ya saki wani kiɗa mai gudu. Wata siririyar murya kamar ta 'yar tsana tana cewa "makulli, makulli, kul-kul-kulli," sai kiɗan ya hau, ya hau, ya ɗauke ɗif, wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, sai ganga ta faɗo kamar an saki buhu daga bene. Direban yana dukan sitiyari, ni kuma ina kaɗa ƙafa. Dole in faɗi gaskiya, ya yi mini daɗi. Na ji shi a shagon aski, na ji shi a wurin wankin mota, na ji shi a wayar mai gadin gidanmu. Kafin kwana uku ya zauna mini a baki.

Da shi na shiga shagon Gwaggo, ina fito.

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ajiye almakashi a hankali, kamar mai gudun kada ya yi ƙara.

"Ɗan Yaya, abin da aka koya maka a can ke nan? Fito a shagon mutane?"

"Yi haƙuri, Gwaggo. Wata waƙa ce ta maƙale mini."

"Na san ta."

"Ashe har ke kin ji ta?"

"Ni na haife ta," in ji ta. "Sannu da zuwa. Zauna, ka rame."

Sai a lokacin na haɗa makullin tasi da makullin saman ƙofa. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido, na tsaya ina kallon tarin ƙyallaye a ƙarƙashin teburi. Ta ce wata bakwai ke nan da abin ya fito. Rimis ake ce masa, wato tsohuwar waƙa da aka sake haɗawa da sabon kiɗa. Ba wanda ya tambaye ta, kuma ba wannan ne ya dame ta ba. Yaran makaranta da ke zuwa gwajin kaya suna yi mata rawar a gabanta, ba su san ko ita wace ce ba, wannan ma ta haɗiye.

"Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, na nemi tawa na rasa," ta ce. "Saurara ka ji."

Ta gyara zama ta fara rerawa. Layin farko ya fito yadda na san shi. A na biyu ta fara sauri. Kafin ta kai ƙarshen baitin tana gudu, yatsunta suna buga teburi da wancan bugun na tasi. Ta tsaya, ta kalli hannun nata kamar ta taɓa wani abu mai yauƙi, ta goge shi a zani.

"Ka gani? Sun shiga har cikin bakina. Ba na son komai a wurin kowa, Ɗan Yaya. So nake in ji ta sau ɗaya yadda na yi ta."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Kaset ɗinta rediyo ya tauna tun da daɗewa. Faifan da ta adana a akwati ruwan rufi ya shiga ya ɓata shi. Na duba intanet, duk inda na rubuta sunan waƙar sai rimis ya fito, da ɗaruruwan mutane suna karkaɗa ƙugu a ɗakin girki, a ofis, a bakin titi, kowa yana buɗe baki daidai wurin dariyar. Na je gidan rediyon da ya riƙa sa ta, wata mata ta ce tsofaffin faya-fayai an kwashe su lokacin da aka yi fenti. Saura Oga Fiyano.

Mun same shi da hantsi a barandar gidan ɗansa, yana shan iska. Ya tsufa, kunnensa na hagu ya mutu, sai ka zagaya dama ka ɗaga murya. Da ya gane Gwaggo sai da ya yi ƙoƙarin miƙewa.

"Tela! Ke ce? Kin zo karɓar labulenki?"

"Labulenka dai, Oga. Har yanzu ba ka daina zolaya ba?"

Ya juyo gare ni. "Wannan matar ta kusa kashe ni. Na sa mata bugu a na'ura, ta ƙi bi. Na rage, ta ƙi. Na ƙara, ta ƙi. Kwana biyu muna abu ɗaya. Sai na bi ta shago na zauna, na ga ashe da feda take auna waƙar. Na cire agogo na ƙirga: taku sittin da shida a minti. Na koma na saita haka. Shiga ɗaya ta yi."

Na tambaye shi shirun da ke tsakiya, ko shi ya tsara shi.

"Wa? Ni? Ina na ga wannan basirar? Kuka ne ya ƙwace mata. Ta kai 'inda ka sani' sai sheshsheƙa ta taso. Na ce a sake, ta ce ba za ta iya faɗin layin sau biyu ba. To, mu a zamaninmu ba ma goge abin da mawaƙi ya yi. Rufe masa baki kawai muke yi. Na rufe kukan, na rufe kiɗan da ke ƙarƙashinsa, ya zama shiru. Amma yana nan a ciki."

"A cikin me?" na ce.

"A kwamfutar mana."

"Ina kwamfutar?"

Ya sosa ƙeya. Da kunnen ya mutu ya rufe situdiyo, ya sayar da kayan gaba ɗaya ga wani mai haɗa kiɗa da ake kira Gobara. Bai tuna ya kwashe komai ba. Ya ce a tunaninsa duk wanda ya gaji kayan aiki ya san ba a taɓa muryoyin da ke ciki. Gwaggo ta ɗauki jakarta. Ta tambayi lafiyar jikokinsa, muka tafi.

Situdiyon Gobara yana hawa na biyu, a saman wani shagon taya. An manne bango da kwalin ƙwai, an fesa masa baƙin fenti. Ɗakin ba taga, warin turare da safa da sanyin na'ura sun cakuɗe. Shi kansa mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, mai fara'a, da na'urar sauraro ta kunne rataye a wuya. Na shiga da shirin faɗa, ya hana ni da ladabi.

"Mama! Wallahi ke ce? Ke ce muryar? Kai, yau na ga ikon Allah. Mama, zauna nan, a'a, nan ya fi taushi. Ki sa mini albarka, Mama, kin gyara mini rayuwa."

"Allah ya yi maka," in ji Gwaggo, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya.

Na ce ina so in fahimci yadda ya yi aikin. Da gaske nake, ina son sanin yadda ake juya abu har mai shi ya kasa gane shi. Bai ɓoye komai ba, murna ma yake yi an tambaye shi. Ya buɗe allon kwamfuta, muryar Gwaggo ta bayyana kamar ƙayar kifi, an yayyanka ta gutsi-gutsi.

"Ka ga, yallaɓai, asalin waƙar tana da kyau, amma barci take sa mutum. Sittin da wani abu. Wa zai taka rawa a haka? Na kai ta ɗari da ashirin da takwas. In ka ƙara gudu haka murya takan yi nauyi a kunne, sai na ɗaga ta sama, ta zama ta budurwa. Mama, kada ki ji haushi, kasuwa ce."

"Ci gaba," ta ce.

"Fiyanon Oga kuma irin na zaman makoki ne. Na cire. Na sa wanda ke hawa sama, mai haske. Kalma ɗaya ce fa, amma in ka sauya abin da ke ƙarƙashinta sai fuskarta ta sauya. Da can in ta ce 'makulli' sai ka ji kamar an rufe ƙofa. Yanzu kuwa ai gayyata ce." Ya kashe mini ido. "Ka gane ai."

Na gane.

"Baitocin fa?" na tambaya.

"Sun yi yawa. Mutane ba sa jiran labari yanzu. Kalma huɗu na ɗauka. Amma sirrin duka shi ne wannan." Ya nuna wani ɗan gutsure da ya yi wa launin ja. "A rufe na same shi, an danne masa baki. Ina ƙara gudu na buɗe duk layukan in ji abin da ke ciki, sai ga dariya. Na ce kai, wane irin mutum ne zai ɓoye wannan? Ita ce ke tayar da fili. In kiɗa ya ɗauke ta fito, ka ga mutane kamar an zuba musu wuta."

Ya danna. Dariyar ta cika ɗakin, 'yar siririya, mai rawa, irin ta yarinyar da aka yi wa cakulkuli.

"Mayar da ita gudunta na asali," na ce.

"Me ya sa?"

"Mayar dai. Sittin da shida. Muryar ma ka sauke ta inda ka same ta."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ja wasu layuka biyu, ya sake dannawa. Abin da ya fito daga manyan sifikun nan numfashi ne da ya karye gida huɗu, na mace babba, da ɗan sautin maƙogwaro a ƙarshe, irin wanda mutum ke yi in yana ƙoƙarin haɗiye kuka ya kasa. Na taɓa jin Gwaggo ta yi shi sau ɗaya, ta bayan ƙofa, ina yaro. Ban taɓa zaton zan ji shi da ƙarfin da zai girgiza gilashin teburi ba.

Ba ta motsa ba. Hannunta kawai ya matse bakin jakar.

Gobara ya ɗauke hannu daga kwamfutar. Na ga abin ya taɓa shi, kuma da a nan ya tsaya da na fita ina ganin mutuncinsa. Ya sake dannawa. Ya sake. A karo na uku na ga kansa ya fara kaɗawa.

"Kai," ya ce a hankali. "Kai! Ashe kuka ne. Mama, kin san me? Wannan ai wani rimis ɗin ne. Mu fara da kukan haka, a hankali, mu ɗauke ki a bidiyo kina ba da labarin, sai a tsakiya ya juye ya zama dariyar. Wallahi sai an yi hawaye a fili ana rawa."

"Kashe," in ji Gwaggo.

Ya kashe.

"Ɗana, ban zo don wannan ba. Waƙar nake so, yadda ka same ta. Ka sa wa yaron nan a waya mu tafi."

Ya dubi allon, ya dube ni. "Ai Mama, kwamfutar tsohuwa ce, ta cika maƙil. Na kwashe abin da zan yi aiki da shi, sauran na share. Kowa haka yake yi." Ya ga fuskarta, ya ƙara da sauri, "Amma kalma huɗun nan suna nan. Da wannan ɗin."

Ta miƙe, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ya biyo mu da waya a hannu yana roƙon hoto ɗaya kawai. Ta ce masa ido yana yi mata ciwo. Da muka sauko ta tsaya a gaban shagon taya ta tofar da yawu a kwata, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, sannan ta ce in tare mana abin hawa.

Kwana biyu ba mu yi maganar ba. A na uku ta kira ni ta ce in zo gida da safe, in taho da wayar nan tawa mai ɗaukar murya da kyau.

Tsohon keken na ƙafa yana lungun ɗakinta, an ɗora masa akwati da tsofaffin labule. Tun da ta sayi na lantarki ba ta ƙara taka shi ba. Bel ɗinsa ya bushe ya tsinke, sai da na je kasuwa na samo wani. Mai gyaran agogo ya ba mu mai a 'yar kwalba, ya ce in keken ya tashi a gaya masa, shi ma ya yi kewar ƙararsa. Muka goge ƙura, muka ɗiga mai, ta juya ƙafar keken da hannu har ta saki. Ta ɗauko wani tsohon zanin gado ta sa a ƙarƙashin allura, domin ta ce ba ta iya taka keke ba komai a bakinsa.

"Rufe taga," ta ce. "Kada wani ya wuce da abin nan a waya."

Na rufe. Na ajiye wayar a kan akwati, na danna.

Ta fara takawa. Ƙafar ta san abin da bakin ya manta. Na duba agogo a ɓoye, na ƙirga, sittin da shida ne ko da bakwai. Ta bar keken ya yi tafiyarsa kaɗan, sannan ta shiga. Muryar ta yi ƙasa fiye da da, tana ɗan karcewa a sama, amma ba ta yi gudu ba. Duk sa'ad da ta so zarcewa sai fedar ta riƙe ta. Baiti na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya zo da kalmomin da na manta akwai su, zancen takalminsa da ke bayan ƙofa da kofin da ba wanda ke shan ruwa da shi. Ta kai wurin. "Na bar makulli a saman ƙofa, inda ka sani." Ta ɗauke ƙafa daga feda.

Ɗakin ya yi tsit. Ba ta yi kuka ba, shekara ashirin sun wuce. Bugu ɗaya, biyu. A na uku na ji ta, a cikin kaina, tsaf, 'yar siririyar dariyar nan, kuma jikina har ya shirya wa faɗowar ganga. Na ji kamar in wanke kunnena da sabulu.

Ta mayar da ƙafa, ta rera baiti na uku har ƙarshe, ta tsayar da keken da tafin hannu. Na kashe wayar. Minti biyar da daƙiƙa goma, cikakkiya, a hankali, yadda ta yi ta.

Ta cire tabarau tana goge shi da gefen zani, ba ta dube ni ba.

"Kai ma ka ji ta, ko?"

Na so in yi ƙarya. "Na ji, Gwaggo."

"Ni ma."

Ta yanke zaren, ta ja zanin gadon ta duba ɗinkin, layi ɗaya miƙaƙƙe da ɗan gurbi a tsakiya inda ta tsaya.

"In goge?" na ce.

"A'a. Ku dai ba ku san komai ba sai gogewa." Ta ninke zanin ta ajiye. "Ka sa mini a faifai ɗaya. Ɗaya fa. Sannan ka cire ta daga wayar nan a gabana."

Haka na yi. Faifan yana cikin aljihun keken, tare da allurai da tsohon makullin. Ban san ko ta taɓa saurarensa ba, ban kuma tambaya ba. Washegari da bakwai da rabi ta buɗe shago. Yaran kantin fenti sun riga sun kunna sifika, ta wuce su ta zauna, ta jawo wandon wani ta fara farke zif.